Rabin Takardar Gwaggo

Shekarun baya, ina aji uku a wata makarantar koyon kwamfuta a Wad Madani, aka damƙa mini makullin wani ɗaki da ba kowa ke shiga ba. Ban taɓa ba da wannan labari a fili ba. Mutanen garinmu sun san shi, ƙawata ɗaya ta sani, sai malamin da ya ba ni makullin. Yanzu da abin ya daɗe, kuma wadda ya fi shafa ta riga mu gidan gaskiya, na ga gara in rubuta shi.

Ɗakin ƙarami ne, a ƙarshen baranda, taga ɗaya, fanka ɗaya. A cikinsa sirfar take, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da ayyukan makarantar. Tsohuwa ce, wata ƙungiya ta ba da ita kyauta bayan ta sayi sabuwa. Aikina shi ne in yanka ta gida-gida. Sirfar guda ce, amma ana gina ƙananan kwamfutoci a cikinta, waɗanda ba a taɓa su da hannu, kowace da ƙwaƙwalwarta da wurin ajiyarta, kowace tana aiki kamar ita kaɗai ce a ɗakin. Mashin muke ce musu. Malami zai zo ya ce yana son mashin na darasinsa, ɗalibai su zo su ce suna son na aikin kammala karatu, ni kuma in gina, in ba kowa kalmar shiga, in riƙa duba lafiyarsu.

Ustaz ɗin da ke kula da ɗakin bai zaɓe ni don na fi kowa iyawa ba. Ya ce ni kaɗai ce a ajin ke rubuta abin da ta yi bayan ta yi shi. Ina da wani littafi mai shuɗin bango, ba na taɓa ko waya ɗaya a ɗakin sai na rubuta rana da sa'a. Ƙawata, wadda muke ɗaki ɗaya a masaukin ɗalibai, Mufattish take kirana, irin jami'an nan da a da suke zaga gonaki da littafi a hammata. Ban da rubutu kuwa ba ni da baki. Ni ce ɗalibar da za ta san amsa, malami ya tambaya sau uku, ta sunkuyar da kai har wani ya faɗi kuskure.

Abu biyu Ustaz ya koya mini a makon farko.

Na farko, wurin ajiya. Faifan sirfar tera biyu ne kacal, amma akwai dabara: kana iya rubuta wa kowane mashin cewa yana da wuri mai yawa, ba tare da ka yanka masa wurin da gaske ba. Sai mai shi ya zuba kaya sannan wurin ke ciwuwa. Da ya ga ban gane ba, ya ce, "Ya bitti, 'yata, ke ba 'yar manoma ba ce? Tur'a ɗaya, wato hanyar ruwa, tana shayar da hawasha ɗari, gona ɗari ke nan. Kowa an ce masa yana da ruwa, kuma ba ƙarya aka yi masa ba, muddin ba su buɗe rana ɗaya ba. Ke aikinki ki tsaya bakin tur'a kina duba ma'auni. In ruwa ya ja baya, ki yi magana."

Na biyu, lagta. Ita hoto ce ta halin da mashin yake ciki a wani lokaci. In aka taɓa wani abu ya ɓaci, sai a koma ga hoton. Ya ce, "Ki ɗauka kafin ki taɓa, ki goge bayan kin gama. Kuma lagta ba ajiya ba ce. A faifai ɗaya suke zaune da mashin ɗin. In gida ya faɗi, tare za su tafi."

Na rubuta wannan magana a littafina, na ja mata layi biyu. Har yau tana nan.

Garinmu ƙauyen Hausawa ne kusa da Hasahisa. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar hajji, hanya ta ajiye su a nan. Yawancin mutanenmu ba su da hawasha, wato gonar da aka rubuta wa mutum da sunansa a cikin tsarin ban ruwan Jazira. A gonakin wasu suke aiki. Masu ita a garinmu ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ɗaya daga ciki ta mijin Gwaggo ce, yayar mahaifina. Mijin ya gaje ta ne daga ubansa.

Gwaggo ce ta yaye ni. Mace ce doguwa, ba ta da yawan dariya, amma duk garin an san godo-godonta, wani irin kunun gero. Mijinta ya yi shekaru yana jinya, sai ya ba wani mutumin ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu gonar ya riƙa nomawa ana raba amfani. Da baki aka yi, gaban mutum biyu da su ma yanzu ba su da rai. Bayan mijin ya rasu aka ci gaba a haka. Duk kaka buhunan Gwaggo na zuwa ƙofar gida, da su take ci, ita da ɗanta ɗaya da matarsa da 'ya'yansu.

Wata damina ta yi mana ɓarna, ɗakuna suka yi yoyo, gara ta shiga akwatuna. Kawuna, wanda shi ne shugaban lajna, wato kwamitin gari, ya ga yadda tsofaffin takardun mutane ke lalacewa, sai ya tuna da ni. Da na zo hutu ya aika aka kira ni.

"An ce ke ka riƙe da kwamfutar gwamnati a Madani."

"Ba ta gwamnati ba ce, Kawu. Ta makaranta ce."

"Makarantar ta wa ce?"

Da haka ya ɗauka ya ci gardama. Abin da yake so shi ne a ɗauki hoton duk wata tsohuwar takarda a garin a adana. Sai da na yi mako biyu ina juya maganar a baki kafin na iya faɗa wa Ustaz. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ma fi mushkila, ba matsala. Ware musu kusurwa."

Na gina musu mashin nasu. Na fi kula da shi fiye da duk sauran.

A rumfar gidan Kawu na yi aikin. Mata suka riƙa zuwa da gwangwanayen madara da na alewa, a naɗe cikin tsumma, kowace ta kwance nata a gabana. Takardun allurar hanya na kakanni, takardun aure, wasiƙun ajami, takardun zama ɗan ƙasa. Da wayata nake ɗauka. In ta cika sai in hau mota zuwa Madani, in juye cikin mashin, in duba ɗaya bayan ɗaya sun shiga, in rubuta a littafi, sannan in goge na wayar don a sami wuri, in koma. Sau uku na yi wannan tafiya. Duk juyewa, da duk ɗan taɓawar da na yi wa mashin, sai na ɗauki lagta. Ban goge ko ɗaya ba. A raina, yawan lagta yawan tsaro ne, kuma ni dama goge abu na yi mini ciwo.

Gwaggo ce ta zo ƙarshe. Ta zauna, ta buɗe gwangwaninta, ta fito da takardar hawasha. Ta yi launin shayi, an ninke ta huɗu, ta tsage a kan ninkin, gara ta cinye gefe. A sama Bismillah, sai hatimi, sai sunan surukinta, can ƙasa lamba da shekara. A bayanta mijinta ya rubuta addu'a da hannunsa.

"Ɗiyata, yi a hankali," in ji ta. "Ta girmi ubanki."

Na shimfiɗa ta a kan farin mayafi. Ko numfashi na yi sai wani ɓarɓashi ya tashi. Na gyara haske har sau uku don lambar ta fito sosai.

Bayan na koma makaranta da kamar wata guda, Kawu ya kira ni ranar Juma'a da la'asar. Ya sa wayar a amsa-kuwwa, ina jin muryoyin dattawa. Ya ce liman ya yi magana a kan takardun da suka riga suka ruɓe. Duk buɗewa sai su zube, ga sunan Allah a jikinsu, kaji na tonawa, yara na takawa. A wurinmu ba a barin irin wannan takarda ta wulaƙanta, kuma ba a jefa ta a shara. Tunda yanzu suna cikin na'ura, an yanke shawarar a tara waɗanda suka fi lalacewa a kai su kogi. Ba tur'a ba, don ruwan tur'a ƙarƙashin kofaton shanu yake ƙarewa. Kogin kansa, da amalanken jaki.

Ya yi ta yabona a gaban mutane. Sannan ya ce Gwaggo na son magana da ni.

"Ɗiyata, wagga takarda da kinka ɗauka, tana nan?"

"Tana nan, Gwaggo."

"Ko wagga ta hannuna ta tafi, tana nan?"

Na san amsar gaskiya. Tana wuri ɗaya, a faifai ɗaya, a ɗakin da batirinsa ba ya riƙe wuta minti uku. Abin da ya kamata in ce shi ne, ku dakata in buga muku a takarda tukuna. Jimla ɗaya ce. Amma ga liman yana ji, ga Kawu ya gama cewa ɗiyarsu ta fi 'ya'yan birni, sai na ji in na ce a dakata kamar na kunyata shi ne.

"Tana nan, Gwaggo," na sake cewa.

Na yi wa kaina alkawarin zan buga su duka da zarar an sa wa firintar makaranta tawada. Na kuma rubuta wasiƙa zuwa ga Ustaz, ina roƙon a sayo faifai na dabam da za a riƙa ajiye kwafi a wajen sirfar. Wasiƙa mai kyau, na sake ta sau biyu. Na ninke ta na sa a littafina, ina jiran ranar da zan same shi ba ya cikin aiki.

Ƙarshen zango ya zo, kowa ya buɗe ruwansa rana ɗaya. Ɗaliban ajin ƙarshe suka yi ta zuba ayyukansu. Wani babban dakta a sashenmu ya fara juye bidiyon laccocinsa na shekaru a mashin ɗinsa. Ma'auni ya kai kashi tamanin, na rubuta. Ya kai casa'in, na rubuta. Sau biyu na je ƙofar ofishin daktan don in roƙe shi ya rage kaya, sau biyu na gaishe shi na tambayi lafiyar iyali na fito. Ƙawata ta ce, "Mufattish, ke in gobara ta tashi sai kin rubuta ƙarfe nawa kafin ki yi ihu." Muka yi dariya.

Ranar Laraba ya kai casa'in da shida. Tsoro ya kama ni, sai na yi abin da na saba yi in na tsorata: na bi mashin ɗaya bayan ɗaya na ɗauki sabuwar lagta. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, lagta riƙe tsohon kaya take yi. Ko mutum ya goge abu, muddin akwai lagtar da ta san shi, wurin ba ya dawowa. Watanni ke nan ina cika faifan da hannuna. Mashin ɗin garinmu kaɗai yana da arba'in da ɗaya.

Ranar Alhamis bayan azahar faifan ya cika. Duk mashinan suka tsaya cak a tsakiyar rubutu. Ina zaune ina neman abin da zan goge, sai aka ɗauke wuta. Batirin ya yi ƙara kaɗan ya mutu. Da wuta ta dawo na kunna, sirfar ta tashi, amma ba ta ga ko mashin ɗaya ba. Taswirar da ke nuna wane yanki na faifan na wane mashin ne ta lalace. Kayan suna ciki, sai dai kamar gonakin da ambaliya ta share musu kunya da iyaka, ba a san ta wane daga ta wane ba.

Ustaz ya zo ya duba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ina kwafin waje?"

Na buɗe littafina na miƙa masa wasiƙar. Ya karanta har ƙarshe, ya koma sama ya dubi kwanan wata.

"Wata uku," ya ce. "Ya bitti, ofishina taku goma ne daga nan."

An yi hayaniya mako guda. Daktan ya yi faɗa, ɗalibai suka yi cincirindo a baranda. Amma kowa yana da kayansa a kwamfutarsa ta hannu, sake zubawa kawai za a yi. Mashin ɗaya ne ba shi da wani gida. Da na faɗa wa Ustaz labarin kogi, sai ya jawo kujera ya zauna. Sannan ya ce zai iya jinkirta sake gina sirfar kwana tara, ba ƙari, don rajistar sabon zango na tafe.

Akwai wata manhaja da ke bin faifai ƙwaya-ƙwaya, duk inda ta ga abin da ya yi kama da farkon hoto sai ta tsamo shi. Ita na saka. Hotuna suka yi ta fitowa dubbai, babu suna, babu tsari: bikin wata ɗaliba, allon darasi, motar wani, sai ka ga takardar auren kakar wani a tsakani. Daga safe zuwa la'asar ina zaune ina dubawa ɗaya-ɗaya. Na garinmu kamar kashi ɗaya cikin uku ne suka fito lafiya.

A rana ta bakwai na ga farin mayafina. Bismillah ta fito, hatimi ya fito, sunan surukin Gwaggo ya fito. Daga kan ninkin tsakiya zuwa ƙasa kuwa toka-toka ne, kamar an shafe da siminti. Hoton bayan takardar, mai addu'a, ya fito cikakke babu ko tabo.

Na koma littafina da sauri. Na rubuta sunan hoton. Na rubuta rana da sa'ar da na juye shi. Na rubuta girmansa. Na rubuta, "takardar Gwaggo, gaba da baya, sun shiga lafiya." Ban rubuta lambar ba. Na kalle ta da idona har sau uku ina gyara haske, abin da na iya tunawa kawai akwai bakwai a ciki.

Ban faɗa wa kowa a gida ba. Kusan wata biyu ina ƙirƙiro dalilin ƙin zuwa hutun mako. Ina gaya wa kaina shekara da shekaru ba wanda ya nemi takardar nan, ƙila ba za a taɓa nema ba.

Mahaifiyata ce ta kira. Mutumin da ke noma gonar ya rasu, 'ya'yansa sun ce ubansu saye ya yi tun mijin Gwaggo na jinya, buhunan da ake kawowa kuma taimako ne kawai. Sun ce bana ba za a kawo ba. "Amma gwaggonki ko a jikinta," in ji mahaifiyata. "Ta ce su yi ta magana, takarda na Madani. Ki bugo ki taho da ita."

Ƙawata ce ta raka ni shagon buga takardu, don ni na kasa fita ni kaɗai. Aka buga gaba da baya, mai launi. Mai shagon ya ce firintarsa ba ta da laifi, haka hoton yake. Na ce na sani.

Na iso garinmu da hantsi. Gwaggo na tsakar gida tana tankaɗe gero, Kawu na zaune a kan gadon igiya yana jirana, har ya sa rigar zuwa ofis. Na durƙusa na gaishe su, na miƙa wa Kawu ambulan. Ya zaro, ya duba, ya juya, ya leƙa cikin ambulan.

"Ina ta ƙwaran?"

"Ita ce, Kawu."

Na yi bayani. Ban san me na ce ba, na dai ambaci faifai da wuta da lagta, ina kallon ƙasa. Ya bar ni na gama.

"Kin ce tana nan."

"Na ce."

"Gaban liman kinka ce. Ni na ɗauke ta da hannuna na sa cikin ruwa."

Gwaggo ta karkaɗe hannu a zaninta ta karɓi takardun. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san kamannin abinta. Ta fara duba ta bayan, ta shafa rubutun da yatsa. "Wanga hannu nai ne," ta ce. Sannan ta ɗauki ta gaban, ta ɗora yatsa a kan tokar.

"Nan ruwa ya ci?"

"A'a, Gwaggo. Wurin ajiyar ne ya cika."

"Ya cika." Ta ɗago kai. "Kin ga yana cika?"

"Na gani."

"To mi ya hana ki ce ya cika, ɗiyata? Da mun riƙe abinmu."

Ta tashi ta dama mini godo-godo, don na yi tafiya. Na sha.

Washegari muka je ofishin da ke riƙe da tsofaffin littattafan gonaki, ni da Kawu. Ma'aikacin mutumin kirki ne. Ya ce ba takardar ce damuwarsa ba, ko hoto ya isa. Lamba da shekara yake so, don da su aka jera littattafan, ba da suna ba. Ya buɗe mana wani ɗaki ya nuna mana. Littattafai ne tun daga ƙasa har rufi, wasu a buhu, wasu bangonsu ya rabu da cikinsu. Da ya ga ban motsa ba, ya ce in ina so in duba, in duba. Kwana huɗu ina zuwa. Ina bin duk lambar da ke da bakwai. A rana ta huɗu Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Taso. Ya isa."

'Ya'yan mai noman suna da mutanen da suka ga ubansu a gonar shekara goma sha biyu. Mu muna da rabin hoto mai suna da hatimi, wanda bai nuna wace gona ba ce. Dattawan ƙauyukan biyu suka zauna sulhu. Saboda rabin hoton, da kuma kunyar maƙwabtaka, aka yanka wa Gwaggo kashi ɗaya cikin huɗu, a can wutsiyar gona inda ruwa ke isa a ƙarshe, in ya isa. Bai ciyar da gidan ba. Kafin shekara ta zagayo ɗanta ya tafi aikin manyan gonaki a wajen Damazin, daga baya ya aiko aka kai masa iyalinsa. Gwaggo ta ƙi binsu. Ta zauna ita kaɗai a gidan da na sani cike da yara, tana sayar da gyaɗa a ƙofa.

Ba ita kaɗai ta yi asara ba, akwai gidajen da wasiƙun kakanninsu suka tafi ke nan. Amma ita ce abincinta ya tafi. Kawu ya yi shekara ba ya wuce gaisuwa da ni. Ita kuwa ba ta sake ɗaga maganar ba ko sau ɗaya, kuma ban san ko hakan sauƙi ne ba.

Na kai wa Ustaz makullin, ya ƙi karɓa. Ya ce wadda ta san abin da cikar faifai ke ci ita yake so a ɗakin. Tare muka sake gina sirfar. Aka sayi faifan waje a mako guda, kuɗinsa bai kai na wayar da ke hannuna ba. Ya sa mini doka: duk farkon wata in ɗauko wani abu daga kwafin in buɗe shi a wata kwamfuta a gabansa. Lagta kuwa ba ta kwana uku.

Yau wannan ne aikina, ina kula da mashinai da wuraren ajiya na wasu mutane. Kunyar ba ta tafi ba, har yanzu muryata na rawa a taro. Amma na koyi shiga ofishin wanda ya girme ni in ce babu wuri, ko in ce abin nan wuri ɗaya yake, kada a dogara da shi. In wani ya tambaye ni ko kayansa na nan, ba na amsawa sai na je na buɗe shi daga wani wuri na gani. Abokan aikina na cewa ina da nawa. Na daɗe ina zaton tsanaki shi ne rubuta komai da adana komai. Littafina bai yi kuskure ko ɗaya ba, kowane kashi da ma'aunin ya hau yana ciki da ranarsa. Babu dai wanda ya karanta shi sai ni.

Da Gwaggo ta kwanta ciwon ajali na je duba ta. Ta sa aka ciro gwangwanin daga ƙarƙashin gado. Takardun nan biyu da na bugo ne a ciki, ta naɗe su a tsumman da ta asalin take ciki. Ta tura mini shi.

"Riƙe. A hannu."

Yana wurina. Da yaƙi ya tashe mu daga Madani na bar littattafaina duka, ban da mai shuɗin bango, amma gwangwanin yana cikin jakata. Hoton kuma yana wuri uku, a gari uku, duk da ba zai ƙara amfanar kowa ba. Wani lokaci nakan buɗe shi in ƙura wa tokar ido, in tuna rumfar Kawu da farin mayafi da yadda na karkata wayar don haske, ko sauran lambobin za su dawo mini. Har yau bakwai ɗin kaɗai ke zuwa.